Sunan da Na Tsallake a Bakin Rijiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga mahaifinka Nomau ɗan Tanko, a Filinge, zuwa ga autana Arzika, duk inda takardar ga ta iske ka bisa hanyar Gaya.

Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Ina fata ka sauka lafiya, ƙafarka ba ta kumbura ba, cikinka bai ƙi ruwan baƙon wuri ba. Allah shi tsare ka daga macijin hanya da mugun abokin tafiya, shi tsare ka daga zazzaɓin bakin kogi, shi sa ƙasar da kake tona kada ta rufe a kanka. Mu nan sai godiya. Uwarka tana gaishe ka.

Malam Idi ne ke rubuta mani, don ka san ni ban san baƙi ba, na allo ko na nasara. Na ce masa shi sa yadda na faɗa, kada shi gyara mani baki. In ka ga wurin da magana ta yi laushi, to shi ne ya sa hannu.

Ranar da ka tashi da masu ginin rijiyar siminti ban fito na raka ka ba. Na zauna cikin zaure ina sassaƙar ƙotar fartanya wadda ba ta bukatar sassaƙa. Na san abin da ka ɗauka. Mutanen gari suna cewa ka bi Kiristocin Dahomai don ka sayar da sallarka da tuwon bariki, ka ɗauka ni ma na yarda da su. Ba haka ba ne, ɗana. Kunya ce ta danne ni a wurin. Da na ga shugaban aikinku, baƙin mutumen nan mai gajeren wando yana naɗe igiya a gwiwar hannu, sai na tuna wani mutum da na zalunta tun ba a haife ka ba. Labarinsa ne zan ba ka, kuma akwai saƙo a ƙarshensa wanda babu mai kai mani shi sai kai.

Ka san gadon gidanmu. Duk rani, in za a yashe rijiyoyin gari, ba mai sauka sai babban gidanmu ya tsaya a bakin kowace ya kira sunan wanda ya gina ta, da waɗanda suka ɗaure ta, da waɗanda suka gyara, a yi musu addu'a. Kakanka ya yi, ni na gada. Ban taɓa mance suna ba, ko na rijiyar da aka gina tun Kurfayawa ba su gama sauka a kwarin dallol ba. Amma akwai suna ɗaya da na tsallake da gangan, shekara bayan shekara, a bakin rijiyar yamma da kuke ce ma Rijiyar Tafinta.

Ina saurayi nasara suka shigo ƙasar Kurfai. Da suka zauna suka kafa bariki, sai kumandan ya ce a gina babbar rijiya a hanyar Baleyara saboda dawakinsu da ayari. Aka kama mu aikin tilas, kowane gida mutum ɗaya. Mutum biyu ne a kanmu, dukansu baƙaƙe daga kudu, dukansu ana ce musu Kiristoci, abin da mu a lokacin ba mu san kansa ba.

Na farko tafinta ne, Antuwan. Dogo, mai farar taguwa da takalmi mai ƙara. Yana da gicciyen farin ƙarfe a wuya, babba, kusan tafin hannu, kuma kullum a waje yake sa shi. Bakinsa ba shi rabuwa da sunan Allah. In ya gaishe ka sai ka ji kamar ɗan uwarka ne. Sau ɗaya limaminsu mai gemu da doguwar farar riga ya ratsa ta Filinge, Antuwan ya durƙusa a gaba yana kuka har da majina, muna leƙe ta bayan danga.

Na biyu magini ne, Zozef, mu muka mai da shi Isufu. Gajere, mai kaushin hannu, ba shi da fara'a, Hausarsa kuma karkatacciya. Ba ka ganin komi a wuyansa sai wani zare. Ranar Lahadi ba shi taɓa aiki, sai shi tafi gindin gawo shi kaɗai da wata 'yar tasbaha, bakinsa na motsi. Ranar da limamin ya zo, can baya ya tsaya, wurin masu riƙon dawaki.

Da an tambaye ni a lokacin wane ne mai addini a cikinsu, da na rantse Antuwan ne. Har na taɓa kai masa kaza da hannuna. Isufu kuwa na ɗauke shi mai taurin rai, don sau uku yakan sa ka warware aiki in bai miƙe ba. Amma abu ɗaya ya kamata in lura da shi ban lura ba. In rana ta karkata, shi ne zai leƙo cikin rami shi ce, "Nomau, fito ka yi sallarka, ni na riƙe maka." Antuwan kuma in ya gan mu muna sujada gaban kumandan, sai shi faɗi wata magana da nasaranci su yi dariya. Da yamma kuma shi aika a karɓo masa laya wurin malaman garin.

Don haka, Arzika, yanzu da kake cikinsu, kada girman abin wuya shi ruɗe ka, ko zaƙin gaisuwa. Duba yadda mutum ke yi da sallarka. Wanda ke tsoron Allah da gaske ba shi iya dariyar mai sujada, ko da ba hanyarsu ɗaya ba. Kuma kada ka ce wannan sai ga Kiristoci. Cikin masu rawani ma na ga Antuwan da yawa. Malam Idi ya ɗaga kai ya dube ni, na ce masa shi rubuta.

To, ga nawa laifin.

Ka san ƙasar dallol, ruwa kusa ne amma yashi ba shi tsayawa. Sai an ɗaure rijiya da itace tun daga ƙasa har baki, gungume bisa gungume. Kuma ba kowane itace ba, sai ƙirya, don ita ce ba ta ruɓewa cikin ruwa, ba ta karyewa ƙarƙashin nauyi. Ƙirya kuwa tana can bisa tudu, tafiyar rabin yini, kuma tana cin bakin gatari. Isufu ya ga na san itace, ya ɗora ni a kan masu sara.

Aiki ya kai mu bakin damina. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, kowa hankalinsa na gona. Kakanka yana kwance da ciwon ƙirji, gonarmu ko sassabe ba a yi ba, ni kaɗai ne namiji a gida. Gungume kaɗan suka rage. Sai na dubi wasu itatuwan danya a nan kusa, bayan gari. Danya tana da taushi, kafin hantsi ka kayar da uku. Kuma ka san akan babbake itacen kafin a saukar da shi saboda gara, itace kuwa in ya sha wuta duk baƙi ne. Na ce ma raina, can cikin rami wa zai gani? Ranar da za a jera su aka kira Isufu bariki gyaran katanga, ni na jera su da hannuna, na shafe su da laka.

Aikin da kake yi yanzu, ɗana, rabinsa ƙasa ke rufe shi. Ba mai gani, ba mai yaba maka. A nan ne ake sanin mutum. In ka ji zuciyarka ta ce maka wa zai gani, to ka ajiye abin da ke hannunka ka fito ka sha iska, don daga wagga magana ce duk abin da zan faɗa maka ya fito.

Kafin nan an yi wata rigima. Dattawan gari sun kawo baƙin bunsuru a yanka a bakin rijiyar saboda iskokin wurin, yadda aka saba tun kakanni. A lokacin muna salla muna kuma yin wannan, ba mu ga saɓani ba. Isufu ya ƙi. Ya ce garinsu ne, su yanka inda suka so, amma ba bisa aikinsa ba, don ruwa na Allah ne, ba a sayensa da jini. Dattawa suka fusata. Sai Antuwan ya ja su gefe ya ce su kawo bunsurun, shi ya san hanyoyin biyu, zai yi abin da ya kamata a ɓoye. Suka ba shi suna godiya. Bayan kwana biyu muka ga baƙar fata a shanye bayan gidansa, matarsa na rabon romo.

Ruwan farko ya sauka mai ƙarfi. Washegari da hantsi aka saukar da Bako shi kwashe lakar da ta zuba. Bakon da ka sani, taubashina, mai sanda. A lokacin ƙafarsa biyu, kuma ba wanda ke kayar da shi a kokawa daga nan har Bonkuku. Yashi ya sha ruwa ya yi nauyi. Muka ji ƙas, sannan wani rugugi. Gefen rijiyar ya burma.

Muna jin muryarsa daga ƙasa yana kiran sunan uwarsa. Mutum ya fi talatin a bakin ramin, ba wanda ya motsa. Dattawa suka ce masu wurin ne suka ɗauki namansu tunda an hana su bunsuru, wanda ya sauka shi ma ya tafi. Antuwan ya riƙe gicciyensa yana addu'a da ƙarfi, daga nesa, inda ƙasa ba ta tsage ba. Ni kuma, ni da na san ba iska ba ce, danya ce, na tsaya kamar an dasa ni.

Sai ga Isufu. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu yadda suke yi, ya miƙa mani bakin igiyar, ni, ya sauka. Da ƙwarya da yatsunsa ya riƙa tonon yashi, yana zuba yana komawa, tun hantsi har azahar ta wuce. Aka jawo Bako da rai, ƙafar hagu a farfashe. Sannan aka jawo Isufu, farcensa duk jini. A hannunsa akwai guntun itacen da ya karye. Bayansa baƙi, cikinsa fari fat. Ya kai shi hanci ya shinshina. Ya dube ni sau ɗaya. Sai ya cusa shi cikin rigarsa.

In kana son sanin addinin mutum, Arzika, ka jira ranar da rami ya burma. Ba kowace shekara take zuwa ba, amma tana zuwa.

Aka kai magana gaban kumandan ranar kasuwa. Mu ba mu jin nasaranci, sai daga baya wani gardi mai tsaron bariki, ɗan Imanan, ya faɗa mana abin da aka yi. Antuwan ya ce ma kumandan Isufu mashayi ne, ba shi duba aiki. Mu kuma ya juyo ya ce mana kumandan da kansa ya yarda an saɓa ma iskoki. Harshe biyu a baki ɗaya. Ya daɗe yana neman hanyar kawar da Isufu, don Isufu kaɗai ne ke jin abin da yake ƙarawa da abin da yake ragewa in yana fassara.

Kumandan ya tambayi Isufu wa ya saro itacen. Ina tsaye cikin taro. In ya ambace ni, aikin hanya ne za a kai ni da igiya a wuya, kuma ba kowa ke dawowa ba. Gardin ya ce amsar da Isufu ya bayar ita ce, aikin nasa ne, shi ya kamata shi duba kowane gungume, bai duba ba. Ba ƙarya ya yi ba, ka lura. Ya dai ɗauki rabonsa na laifin, ya haɗa da nawa ya rufe baki.

Aka ɗaure shi a turken dawaki aka yi masa bulala gaban 'yan kasuwa. Aka kai shi gidan kaso kwanaki. Aka ce in ya fito shi sake ɗaure rijiyar, sannan shi bar ƙasar. Ina nan ina kallo. Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa, ta zo har maƙogwarona, na haɗiye ta.

Wanga shi ne babban kuskurena, ya fi saran danya. Danya gaggawa ce da tsoron yunwa. Shirun nan kuwa na zaɓe shi ina cikin hankalina. Ɗana, in ka yi ɓarna ka faɗa tun tana ɗumi. Bulalar da na guje ma, da yanzu ko tabonta ya ɓace. Wadda na ɗauka a madadinta shekara da shekaru tana cina.

Da Isufu ya fito, garin duka ya juya masa baya. Mata suka daina sayar masa da fura. In ya ratsa, tsofaffi su tofa yawu su ce ga kafirin da ya karya Bako. Ni ma na daina amsa gaisuwarsa, ba don ƙi ba, don ban iya haɗa ido da shi. Shi kuwa duk safiya sai shi tafi gidan Bako shi wanke masa ƙafa da ruwan zafi da gishiri, uwar Bako na zaginsa daga bakin murhu, shi gama shi yi mata sai an jima. Daga nan shi ja wani jakin aro shi hau tudu saran ƙirya shi kaɗai, bayansa bai gama rufewa ba.

Wata rana na bi shi. Na iske shi yana fama da wata tsohuwar ƙirya, yana sara a wurin da ba a sara. Na tsaya, na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Isufu, mi ya hana ka faɗa?"

Bai daina sara ba. Ya ce, "In na faɗa, wa zai noma ma tsohonka? Ni bayana ne kawai, kuma ya fara warkewa."

Na ce masa garin duka na zaginsa, sunansa ya ɓaci har Abala.

Sai ya ajiye gatari ya share zufa. Ya ce, "Garin bai shiga rijiyar ba, Nomau. Allah ya shiga. Ya san kowane itace da sunansa. Wanda nake bi an yi masa abin da ya fi wannan bai rama ba, ni wane ne?" Sannan ya miƙo mani gatarin ya ce in kama, na fi shi sanin ƙirya, shi ɓarnar ƙarfe kawai yake.

Iyakar wa'azin da ya taɓa yi mani ke nan. Bai ce in bi addininsa ba, bai ce in gode masa ba, bai sake tayar da maganar ba. Da azahar ta yi ya ce in tafi in yi sallata.

Daga ranar na riƙa taya shi sara. Amma ka ji halin ubanka: a daji kawai. In mun kusa gari sai in ja da baya in bi wata hanya, kada a gan mu tare. Ya kuwa lura. Kada ka yi irin wagga abota, Arzika. Wanda ka ci tuwo da shi a daji ka gaishe shi a kasuwa.

Isufu ya ɗaure rijiyar tun daga ƙasa har baki da ƙirya zalla. Ranar da aka buɗe ta, Antuwan ne ya tsaya kusa da kumandan da farar taguwarsa ya jawo gugan farko, shi ya sa ake ce mata Rijiyar Tafinta. Isufu kuwa tun da safe ya ɗaure kayansa. Na tare shi bayan gari, inda ba kowa. Ya ciro dalmar nan mai igiya da yake sakawa cikin rijiya don shi ga ko ta miƙe, ya sa mani a hannu, ya ce in riƙe, wata rana wani daga gidana zai yi aikin ga. Ya bi ayarin masu kanwa ya yi kudu.

Antuwan ya daɗe bayansa. Aka canza kumandan, aka kawo wani wanda ba shi son limaman Kiristoci ko kaɗan. Kafin mako gicciyen nan ya ɓace daga wuyan tafinta kamar ba a taɓa ƙera shi ba. A nan ne idona ya gama buɗewa. Addinin da ke sauya riga duk lokacin da aka sauya mai bariki, na mai bariki ne. Na Isufu kuwa na gan shi a turken dawaki, na gan shi a gindin gawo, na gan shi a ƙasan rami, iri ɗaya ne.

Kakanka ya warke, ya ci geron shekarar nan da wasu bayanta. Da ya rasu na gaji kiran sunaye. Shekarar farko na tsaya a bakin rijiyar yamma, sunan Isufu na bakina, na dubi fuskokin dattawa, na ce Antuwan. Shekara ta biyu ta fi sauƙi. Daga nan ya zama haka aka sani. Ni da ake cewa ban mantuwa, ni na koya ma gari mantuwa.

Amma dubi ikon Allah. Shekarar da fara ta cinye gero, ruwa kuma ya yi ƙasa, rijiyoyi nawa suka burma a dallol? Ta yamma ba ta ko tsage ba. Makiyaya daga Abala da Imanan a nan suka shayar. Da ruwanta aka wanke ka ranar suna. Duk gugan da aka jawo cikin shekarun nan shaida ne ga mutumen da muka tofa ma yawu, ko mun ambace shi ko ba mu ambata ba. In na tuna wannan sai godiya ta cika ni. Allah ya bar mani tsohona, ya bar mani Bako, ya ba ni ku, duk ta hannun baƙon da ban ko ba shi ruwan sha a gidana ba.

Don haka abin da gari ke faɗa a kanka, kada shi hana ka barci. Na san ka, na san goshinka. Ka riƙe sallarka a kan lokaci, ko ana kallo ko ba a kallo. In aka yi maka ƙazafi ka faɗi gaskiyarka sau ɗaya, a fili, ba da zagi ba. In ba a karɓa ba ka koma ga aikinka ka bar ma Allah. Ba shi gaggawa, wani lokaci har ka ce ya yi nisa, amma yana cikin ramin tare da kai. Kuma in ka samu irin Isufu cikin mutanen da kake aiki da su, ka riƙe shi da hannu biyu, ka koyi aikinsa, ka ci abincinsa in halal ne, kada ka ji kunyar kowa.

Yanzu ga abin da ya faru bayan tashinka. Kwana tara da tafiyarka aka yi yasar rijiyoyi. Muka zo rijiyar yamma, mutane sun taru, mai sauka ya ɗaura igiya yana jirana. Na buɗe baki in faɗi abin da na saba, sai na tuna kai ma yanzu kana ƙasan wani rami a garin da ba a san ubanka ba, kuma wata rana wani zai tsaya a bakinsa ko shi ambace ka ko shi tsallake. Na ce, wagga rijiya Isufu ɗan Dahomai ne ya gina ta, Kirista, shi ya ɗaure ta sau biyu. Na ce ba iska ce ta karya ta farko ba, danya ce, kuma ni Nomau ɗan Tanko ni na saro ta.

Wasu tsofaffi suka fara gunaguni, wai tsufa ya taɓa ni. Sai ga Bako yana ture mutane da sandarsa har ya zo gabana. Na sunkuyar da kai, na ce ko ya rotsa mani ita ya yi daidai.

Ya ce, "Kai bawana, sai yau? Ni mai ƙafa ɗaya na riga ka isowa da shekaru."

Na dube shi.

Ya ce, "A kaina itacen ya karye, ka ɗauka ban san warin danya ba? Tun ina kwance na ce sai na fasa ka. Shi ya hana ni. Kullum in yana wanke mani ƙafa sai shi ce in bar ka, za ka faɗa da bakinka. Na ce masa bai san taurin kan gidan Tanko ba. Ya ce shi yana da lokaci."

Aka yi dariya, ni kuwa hawaye ne suka zubo mani gaban mata da yara, ban ko share ba. Bako ya buga sandarsa a ƙasa ya ce in sake faɗin sunan da ƙarfi, kunnensa ya yi nauyi. Na sake. Malam Idi ya ɗaga hannu ya roƙi Allah shi saka ma maginin da alheri duk inda yake, mutane suka shafa. Ba duka ba, amma da yawa.

To ga saƙon. Wani mai fataucin kanwa ya faɗa mani bara cewa a Gaya akwai wani tsohon magini ɗan Dahomai, gajere, idonsa ɗaya ya mutu, yana zaune wurin ɗiyarsa kusa da inda ake sauke jiragen ruwa, kuma yana jin Hausar Kurfai. Ban san ko shi ne ba, ban san ko har yanzu yana da rai ba. Na ji na yi shiru, yadda na saba. Yanzu Allah ya kai ƙafarka can.

Ƙunshin fatar da ke tare da takardar ga, dalmarsa ce. Ka neme shi. Kada ka ce sai aiki ya yi sauƙi, tsofaffi ba su jira. In ka same shi ka cire takalmi, ka durƙusa yadda kake durƙusa mani, ka sa masa ita a hannu shi shafa, zai gane ta. Ka ce masa Nomau na Filinge yana neman gafara, Bako yana gaishe shi, rijiyarsa tana nan ba ta ko tsage ba. In ya mayar maka da dalmar ka karɓa, taka ce tun ba a haife ka ba. In kuwa ka iske ya riga mu, ka faɗa ma ɗiyarsa duk abin da ke cikin takardar ga, kada ka rage wurin da na yi muni, sannan ta nuna maka inda yake kwance ka faɗa a can ma.

Allah shi kai ka lafiya shi dawo mana da kai lafiya. Allah shi tsare hannunka daga ha'inci, bakinka daga shirun tsoro. Shi haɗa ka da masu tsoronsa ko daga wace ƙasa suka fito, shi raba ka da masu harshe biyu. Shi sa duk ramin da ka sauka ka fito da ƙafafunka. Ranar da za ka dawo ka aiko tun daga Baleyara, zan fito in tare ka a bakin rijiyar yamma, gaban kowa.

In ka ga tsohon, kafin gaisuwa ma ta yi nisa, ka fara da wannan: an faɗi sunanka a bakin rijiya, Isufu, sau biyu, da ƙarfi.

Ni ne mahaifinka,
Nomau ɗan Tanko